Ranar da Na Ambaci Sunan 'Yar Farina

Ku matso kusa, ku ajiye abin da ke hannunku, ku ara mini kunnuwanku na ɗan lokaci. Wannan da zan ba ku ba tatsuniya ba ce, ba kuma a bakin wani na tsince ta ba. Da ƙafata na taka ta, kuma har yau in sanyi ya sauko ina jin ta a gwiwoyina.

Sunana Saratu. A wani ƙauye na ƙasar Malumfashi aka haife ni, can na yi aure, can na binne mijina. Mu Hausawa ne masu bin Yesu tun zamanin iyayenmu. Ban yi boko ba, ko baƙi ɗaya ban sani ba, amma shekara ashirin da ɗoriya ni ce mai ba da waƙa a zumuntar matan ikilisiyarmu. In ɗauko baiti, mata su amsa, ana buga bakin tulu da ɗan faifan fata har ƙasa ta ɗauka.

'Ya'ya shida na haifa, ta farkon mace ce. Ku na yanzu ba lalle ne ku san kunyar ɗan fari ba, to bari in faɗa muku. A wurinmu uwa ba ta faɗin sunan ɗanta na fari, ba ta yi masa wasa, ba ta kallonsa ido cikin ido. Ana yaye yarinyar nan uwar mijina ta ɗauke ta zuwa ɗakinta. Ta tashi tana ce wa kakarta Inna, ni kuwa tana ce mini Yaya, yadda ta ji ƙannena suna faɗa. In zan aike ta, sai in kalli danga in ce, a zo a ɗebo ruwa, kamar da iska nake magana. Ba ƙiyayya ba ce. Haka aka yi mini, haka na yi. Shekara talatin da ɗaya sunanta bai taɓa fita daga bakina ba.

Ta yi karatu mai zurfi, ta auri Iliya, wani yaro mai hankali ɗan ƙauyen da ke gaba da namu, aiki ya kai su Amurka. Shekara bakwai ba haihuwa, sai a ta takwas Allah ya duba ta. Wadda ya kamata ta je zaman jego ita ce Inna, amma Inna ta riga ta huta. Sai abin ya faɗo kaina.

Zangon farko filin jirgi ne. Ban ga komai a can ba sai ƙafafun mutane, kowa na sauri kamar gidansu ke ci da wuta. Iliya ya tarbe ni, ya durƙusa har ƙasa a gaban Turawa ya gaishe ni, ya lulluɓa mini wata ƙatuwar riga mai nauyin buhu. Da muka fita waje iska ta shiga haƙorana. A mota na yi ta kallon itatuwa, dubu kan dubu, duk tsirara, ba ganye ko ɗaya. Na ce a raina wace irin annoba ce ta ci dajin mutanen nan, kuma ba mai ko sare su ya yi itacen girki. Kunyar suruki ta hana ni tambaya.

Zango na biyu shi ne gidan, a wata unguwa da suke kira Hayatsbil. Gidan haya ne mai hawa huɗu, mu muna can ƙololuwa. Ɗaki biyu da falo, sai wata 'yar baranda a bayan ƙofar gilashi, wadda in ka leƙa ƙasa ba abin da za ka gani sai motoci a jere. Ba tsakar gida, ba kaza, ba akuya, ba mai sallama. In ka fita ƙofa dogon lungu ne, ƙofofi dama da hagu duk kala ɗaya, lamba ce kawai ta raba su, ni kuwa lamba ba ta yi mini magana. Iliya ya roƙe ni kada in buɗe wa kowa, kada kuma in fita ni kaɗai. Na ce to.

Yarinyar ta zo ta durƙusa da cikinta ta ce, Yaya sannu da hanya. Na kalli bango na ce, an same ku lafiya. Iyakar gaisuwarmu ke nan bayan shekara bakwai.

Abin da ya fara karya ni a ƙasar nan rana ce. Ni da rana nake sanin lokaci. A can kuwa sai ta makara ta fito, ta bi gefen sama kamar mara lafiya mai dafa bango, ba ta taɓa hawowa tsaka ba, kuma kafin a ce la'asar ta yi sai ka neme ta ka rasa. Satin farko ina ganin duhu nake shimfiɗa tabarmata in kwanta, sai in farka in tarar har yanzu Iliya bai dawo daga aiki ba, daren ma bai fara ba.

Kafin haihuwa na sa Iliya ya kai ni kantin 'yan Afirka neman ganyen darbejiya na wankan jego. Mai kantin ya iya Hausa 'yar kaɗan, ya ce ya taɓa zama a Kano. Ya ɗauko mini busasshen ganye cikin leda, ya rantse shi ne. Na shinshina ban ji ɗaci ba, ya ce ai jirgin sama ne ke shanye warin. Na yarda, tunda ban san halin jirgi ba. Da aka haihu, namiji, aka dawo gida, na cika babbar tukunya na tafasa ganyen nan. Sai gida ya ɗauki ƙamshin girki. Mai jego ta leƙa tukunya, ta ce wannan ai ganyen da ake sa wa dafa-duka ne, Yaya za ta dafa ni da shinkafa. Ta yi dariya har tana riƙe ciki. Ni ma na juya baya na murmusa. Ku riƙe wannan dariyar, don ita ce ta ƙarshe da na ji daga bakinta har tsawon lokaci.

Aka sa wa yaro Yakubu, sunan mijina, shi ma ke nan ba na iya faɗa, sai na riƙa ce masa Maigida. Ranar suna mutum bakwai suka zo, wasu daga Getasbag, wasu daga wani gari can gaba. Suka ci, suka yi addu'a, kowa na duba agogo, kafin shayi ya huce sun watse. Washegari Iliya ya koma aiki. A wani asibiti yake a Manasas, ɗakin gwajin jini, tafiya mai nisa. Da duhu yake fita, da duhu yake dawowa.

Sai ya rage mu uku. Na yi abin da na sani. Mai jego ba ta fita sai ta yi arba'in, iska ba ta taɓa ta. Na ja labule duka na rufe, na toshe ƙasan ƙofa da tsumma, na sa Iliya ya ƙara wa na'urar ɗumi wuta. Safe da yamma in tafasa ruwa in yi mata wanka, in dama kunun kanwa in ajiye a gabanta in ce wa bango, a tashi a sha tun da zafi. 'Yar ranar nan da ke leƙowa ta awa kaɗan, ni da hannuna na hana ta shiga.

Sannu a hankali yarinyar ta fara dushewa. Ta daina magana. Kunu ya huce a gabanta. Maigida ya yi kuka har ya shiɗe tana zaune tana kallon wuri ɗaya, sai na ɗauke shi na ɗora mata a cinya, ta ba shi nono kamar ɗan wata mata. Wani lokaci in tarar hawaye na zuba a fuskarta, ita ba ta ma san suna zuba ba. Na yi faɗa ta hanyar da na iya, wato ta kan jariri. In ce, Maigida, ka gaya wa mutanen gidan nan wasu shekara ashirin suke roƙo ba su samu ba. Iliya ya ce gajiya ce, zai wuce. Shi ma idonsa ya faɗa, yana cin tuwo yana gyangyaɗi.

Ga kuma Kirsimeti na matsowa. In na ɗaga gefen labule sai in ga fitilu ja da kore a kowace taga, suna ƙiftawa. Talabijin ba abin da yake nunawa sai mutane cikin jajayen huluna suna dariya, suna rungumar juna, suna buɗe kwalaye. Duk ƙasar na murna, mu muna cikin akwati. A gida war haka an fara koyon waƙoƙin biki, an kai ɗinki, ana surfen shinkafa, mata na kitso a gindin ɗorawa. Sai na ji abin da ke cin yarinyar ya fara lasa ta ni ma. In durƙusa yin addu'a, in rasa abin faɗa, in tashi. Ni Saratu da ko tsakuwa nake tsincewa a wake sai da waƙa, na yi kwana ashirin ban rera ko baiti ɗaya ba. Har na fara tunanin ko Allah bai san hanyar ƙasar nan ba. Ya gafarta mini.

Zango na uku a lungu na same shi. Wata rana shara ta yi wari, na ce bari in karya dokar Iliya in kai ta bola. Na kai lafiya. Dawowa ce ta gagara. Ƙofa ta ja kanta ta rufe, kuma duk ƙofofin sun zama ɗaya. Na hau, na sauka, na sake hawa. Na ƙwanƙwasa wata, kare ya amsa mini. Sai na zauna a matakala da silifa ba safa, ina cewa, Yesu ka ji ƙaina, ka nuna mini ƙofata.

Sai na ji murya a bayana. "Baiwar Allah, Hausa nika ji ko kunnena na?"

Wata mata ce sa'ata, da carbi a hannu da ledar cefane. Hajiya Zainabu ke nan, mutuniyar Maraɗi, a hawa na biyu suke. Da ta ji daga Malumfashi nake sai ta tafa hannu ta ce ashe 'yar gida ce, su ne Katsinawan da suka gudu, mu ne waɗanda suka kasa gudu. Na ce ai wani ya tsaya gadin gida. Mijinta a gidan rediyo yake aiki, sashen Hausa, kuma da na ji muryarsa daga baya na gane ta, ita ce mijina ke kunnawa da asuba kafin ya tafi gona. Hajiya ta san Iliya da gani, ta raka ni har ƙofa, ta yage bakin ɗankwalinta ta ɗaure a mariƙin ƙofar don kada in ƙara ɓata. Washegari ta hawo da kuka da daddawa, ta ce ta zo barka.

Ungozoma ce ta asibiti a ƙasarsu kafin su taho. Ta shiga ɗakin mai jego, ta daɗe. Da ta fito ba ta nemi izinina ba, ta bi labule ɗaya bayan ɗaya tana yayewa. Na ce iska, Hajiya. Ta ce gilashi ba ya yoyo, haske kawai zai shigo. Ta zaunar da ni a kicin ta ce abin da ke damun yarinyar cuta ce sananniya, tana kama mata bayan haihuwa, kuma duhun ƙasar nan da kaɗaicin lokacin Nowel, haka suke ce wa Kirsimeti, suna ƙara mata ƙarfi. Ba aljanu ba ne, ba raki ba ne, ba rashin godiya ba. A kai ta wurin lokotoro, wato likita, kada a jira arba'in. Sannan ta dube ni.

"Ɗiyakki ta ko ɗiyar riƙo? Tun da na shigo ban ji kin yi mata magana ba."

Na ce 'yar fari ce.

Ashe su ma suna da wannan al'adar. Ta ce nata ɗan farin yana Yamai, ya yi gemu, har yau ba ta faɗin sunansa. Amma ta ce in duba da kyau. A gida in uwa ta kau da kai, akwai kaka, akwai goggo, akwai matan baffanni, hannu goma ne ke tallabe yaro. "Nan ina kakar? Ina goggon? Ke ɗaya ta, 'yar'uwa. In kin kau da kai, bango za ta gani."

Maganar ta shige ni, amma ban iya komai da ita ba. Na je bakin ƙofar ɗakin ya fi sau biyar, in buɗe baki, harshe ya ƙi. Abin da aka ɗaure shekara talatin ba ya kwancewa don an ce ya kwance. Iliya dai ya ji maganar likita, ya nemi rana, aka ba shi bayan biki.

Ana saura kwana kaɗan Kirsimeti dusar ƙanƙara ta sauko. Kwana da yini tana zuba ba ƙara, ba tsawa, har motocin da ke ƙasa suka zama kamar kaburbura. Da aka share hanya Iliya ya tafi, ya bugo waya ya ce ma'aikata sun yi ƙaranci, zai kwana biyu a asibiti, sai ranar biki da rana zai dawo. Zuwa sujadar Kirsimeti ke nan ya faɗi. Su Hajiya kuma sun tafi wurin 'yarsu a wani gari.

Ranar jajibere, la'asar sakaliya, rana ta riga ta tafi. Ina falo ina jijjiga Maigida sai ga uwarsa ta fito. Rabon da ta fito falo da ƙafarta an yi kwana goma. Zani ɗaya ne a jikinta, ɗaurin ƙirji, kai ba ɗankwali. Ta tsaya a kaina, muryarta a kwance kamar mai ba da saƙon cefane.

"Yaya, in kin tashi komawa ki tafi da shi."

Na ce wa yaron, Maigida ka ji wata magana, wa ke raba ɗan wata ɗaya da nono.

"Akwai madarar gwangwani a kicin. Takardunsa suna cikin jakar babansa. Ai ɗan fari ne, dama ba nawa ba ne. Ba abin da zai rasa. Ni ma ban san uwa ba, ga shi na girma."

Ta juya ta nufi ƙofar gilashi, ta ja ta. Sanyi ya shigo kamar an watsa ruwa. Ta taka dusar ƙanƙara da tafin ƙafarta, ta dafa ƙarfen baranda da hannu biyu, tana kallon ƙasa. Hawa huɗu.

Jama'a, na san abin da nake gani. Na kwantar da yaro a kujera. Na auna tsakanina da ita, taku shida ne, kuma ta fi ni ƙarfi, in na zabura ta firgita ban san abin da zai faru ba. Waya ban iya ta ba. Turanci ban iya ba, balle in yi kururuwa a gane. Na buɗe baki in kira ta, wallahi ko a lokacin harshena ya ƙi.

A gefen kicin akwai ƙatuwar gorar roba da ake sayen ruwan sha a ciki, ta ƙare, mai ƙaramin baki kamar tulu. Ban san lokacin da na jawo ta tsakanin ƙafafuna ba. Na cire silifa na buga bakinta. Ta amsa, dum, daga can ciki. Na sake bugawa. Ba don zuciyata na murna ba, zuciyata a bushe take kamar ƙasar rani. Amma hanya ɗaya ce bakina ya sani ta ɗaga murya, kuma tunda duk rayuwata in zan yi wa yarinyar nan magana wani wurin nake kallo, sai na kalli sama na yi da Mai sama.

Na gode maka Yesu, baƙon da ya sauka garin baƙi,
Uwarka ba ta sami mai dafa mata ruwan wanka ba.
Ranar ƙasar nan tana faɗuwa da la'asar,
Kai ba ka faɗuwa.

Muryata ta fito a shaƙe kamar ta tsohon zakara. Na maimaita. Na shiga lissafa masa abin da ya yi mini, yadda muke yi a zumunta: shekarar fari da ya ciyar da mu, macijin da ya sari mijina bai mutu ba, rijiyar da ta rufta ba kowa a ciki. Kowane baiti in rufe da, Kai ba ka faɗuwa. Tana nan tsaye, ba ta juyo ba. Kuma wanda ya fara yabo bai isa ya tsallake babbar kyauta ya faɗi ƙanana ba. A gaban mutane ake kunya. A gaban wanda ya ba ka, ƙarya ce. Sai na ji ya fito.

Na gode maka da ka ba ni Rahila.
Kwana biyu ina naƙudar Rahila,
Ka ba ni ita ranar Laraba da hantsi.

Na ga bayanta ya motsa. Ban tsaya ba, don na san in na tsaya ba zan iya sake ɗauka ba. Na gaya wa Yesu abin da ya riga ya sani. Yadda aka ɗauke ta ranar yaye na shiga rumbu na toshe bakina da zani. Yadda ƙyanda ta kama ta tana shekara huɗu na yi kwana bakwai a bayan dangar Inna ina leƙe ta wata 'yar kafa. Gyaɗar da ake kai mata makarantar kwana a ce daga Inna, ni nake soyawa. Ranar aurenta da aka ce Saratu ko a jikinta, a bayan gida na yi kukana na wanke fuska. Kowane baiti da sunanta a ciki. Shekara talatin da ɗaya na tara shi, ranar nan na zubar da shi duka. Rahila tawa, Rahila ta Yesu, ka riƙe mini Rahila, hannuna bai kai ba, naka ya kai.

Mutumin da ke ƙasanmu ya fara dukan silin ɗinsa da sanda. Na ƙara ƙarfi. Maigida ya tsala kuka. Ban san tsawon lokacin ba. Idona a rufe yake, sai na ji sanyi ya yanke, na ji ƙarar ƙofar gilashi ta rufu. Na kai ƙarshen baiti, kafin in rufe shi wata 'yar murya ta riga ni, can ƙasa-ƙasa, haƙora na kaɗawa.

"Kai ba ka faɗuwa."

Ta zube a gabana. Ƙafafunta sun yi sanyi kamar ƙarfe. Na kwance mayafina na naɗe su, na ɗora su a cinyata ina murzawa. Na dube ta ido cikin ido, karo na farko tun tana cikin zanin goyo. Ashe idon ubanta gare ta.

Ta ce, "Dama kin san sunana?"

Na ce, "Ni na zaɓa. Na raɗa wa Inna, ta faɗa a matsayin nata."

Ta sa kai a ƙirjina ta yi kuka, irin kukan da ke da sauti, ba wancan na shiru ba. Da ta gaji na ce, Rahila, ɗauki ɗanki, yunwa yake ji. Ta ɗauka.

Kada wani ya ce muku daga nan ta warke. Ba haka Allah ya yi ba. Na sa ta buga wa Iliya waya ta faɗa masa komai da bakinta, ya bar aikin ya taho. Na jawo tabarmata bakin ƙofar gilashi, nan na riƙa kwana har na bar ƙasar. Ba a jira ranar da aka ba mu ba, a daren biki ma tana hannun likita. Aka ba ta magani, aka haɗa ta da wata mata da take zuwa suna magana duk mako. Wata rana ta tashi da sauƙi, wata rana abin ya dawo kamar bai taɓa tafiya ba. Amma mun sami abin yi. Kullum in rana ta fara sunkuyawa, lokacin da duhu ya saba shigowa ya same mu zaune, sai mu riga shi. In jawo gora, ita ta ɗauki Maigida, in bayar ta amsa. Ranar da ba ta iya amsawa in yi duka biyun. Ba mu kori duhun ba, yana zuwa a kan lokacinsa. Sai dai ya daina samun mu shiru.

Shinkafar biki sai ranar sabuwar shekara na dafa. Na zuba a kwanuka yadda muke yi a gida, na kai wa Hajiya, na kai wa mai dukan silin. Wani tsoho ne baƙar fata ɗan ƙasar, shi kaɗai yake zaune, matarsa ta rasu. Ya karɓa yana ta magana ban ji ko ɗaya ba. Rahila ta ce cewa ya yi a ci gaba da kiɗan, amma a bar shi ya gama kallon labarai.

Ana nan, wata safiya na leƙa baranda na ga itatuwan nan da na yi wa ta'aziyya sun fitar da 'yan tsiro. Ban daɗe ba wata shidana suka cika, na komo gida.

Ga yadda kowa ya ƙare. Iliya ya mayar da su Manasas kusa da aikinsa, gida na ƙasa mai fili a baya, har yana shuka yakuwa. Hajiya Zainabu ta koma Maraɗi da mijinta ya bar aiki, mun gaisa ta waya shekaru, sannan Allah ya yi mata rasuwa. Ƙyallen ɗankwalinta yana cikin adakata. Tsohon nan na ƙasa an ce 'ya'yansa sun zo sun tafi da shi. Mai kanti yana nan, na ji har yanzu yana sayar wa sababbin zuwa darbejiyarsa. Maigida ya fi ubansa tsawo, in na yi masa Hausa yana ji, ya amsa mini da Turanci, in ce masa miji mara kunya. Ni kuwa na koma zumunta. Ranar da na fara faɗin sunan a gaban mata aka rufe baki, wasu suka ce Amurka ta lalata Saratu. Ban musa ba. Ƙarfina ya ragu, na miƙa ba da waƙa ga wata, amma har yanzu ina buga tulu.

Rahila ta ƙara biyu, duka mata. Tana aikinta. Ciwon bai rabu da ita ɗungurungum ba, duk shekara in ganye ya zube a can yakan zo ya gaishe ta, tana shan maganinta. Ba ta daina ce mini Yaya ba, baki ya saba. In lokacin ya yi sai wayar da ta saya mini ta yi ƙara, in ji ta ce, "Yaya, duhun ya dawo."

In ce, "Ina jin ki, Rahila. Jawo gorar."

Ga kunnuwanku nan, na gode da aro.